Sau Biyu Ina Canza Oyal Sil, Mai Bai Daina Zuba Ba, Maigidana Kuma Bai Sani Ba

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan koyo ne a garejin gyaran babura a Kano, shekarata uku ke nan a hannun maigidana. Makonni uku da suka wuce ya tafi ƙauye zaman makoki, ya bar mini gareji, ya ja kunnena kada in karɓi aikin buɗe inji sai ya dawo. Bayan tafiyarsa da kwana biyu wani Alhaji maƙwabcinmu ya aiko direbansa da ɗan babur mai ƙafa huɗu, inji 110, wanda ya saya wa 'ya'yansa suna hawa a gidan gonarsa in an yi hutun makaranta. Baƙin mai ne ke zuba ta wajen ƙaramin sufuroket. Na ce a raina ai wannan ba buɗe inji ba ne. Na sayo oyal sil na sa, na karɓi kuɗi. Kwana huɗu aka dawo da shi yana ɗiga. Na sake sayo wani da kuɗina, wannan karon na lafta masa gam na buga shi da guduma har ya zauna. Jiya direban ya kira ni, wai zubar ta fi ta da. Maigida ya dawo amma ban faɗa masa ba, kuɗin kuma na riga na kashe. Alhaji ya ce ranar Asabar zai zo da kansa. Kawu, in gwada na uku a ɓoye a gidan abokina, ko in bar garejin kafin Asabar?

Daga wani ɗanka a Kano.

Wa alaikumus salam, ɗana.

Kafin mu zo maganar maigida da ta Asabar, ɗauki wayarka yanzu ka kira direban nan, ka ce kada yaro ko ɗaya ya sake hawa babur ɗin, kada ma a tayar da shi. Baƙin man da injin 110 irin wannan yake ɗauka bai cika lita ɗaya ba, yawancinsu 0.7 ne zuwa 0.8. Ɗigar kwana biyar ta isa ta bar kan inji a bushe, yaro kuwa ba ruwansa da duba geji, shi dai ya danna totur ya ji iska. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba injin ba ne. A irin waɗannan baburan, faifan birkin baya yana kan ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin baya, maƙwabcin babban sufuroket. Man da ya zuba a kan sarƙa, ita za ta kwashe shi ta kai baya ta fesa. Ka san halin birkin da ya sha mai. Inji dai ana sayen wani.

To, hanya biyu ka shimfiɗa mini, ni kuwa ba na bin ko ɗaya. Gudu zuwa ina? Kano da girmanta, duniyar masu gyaran babur 'yar ƙarama ce. Mai shago ɗaya ne yake ba gareji goma kaya bashi, kuma labari a bakin shagonsa yake kwana. Za ka zubar da shekara uku, ka bar sunanka a matsayin yaron da ya tsere da kuɗin Alhaji, duk a kan zoben roba da bai kai kuɗin abincin rana ba. Na uku a ɓoye kuma zai zuba kamar yadda 'yan'uwansa biyu suka zuba, domin ka bar jaki kana dukan taiki. Tun farko akwai tambayar da ba ka yi ba: me ya kashe sil ɗin da ya zo a jikin babur ɗin?

Oyal sil ba marfin kwalba ba ne da za a ce in an matse shi da ƙarfi ya fi riƙewa. Zoben roba ne mai ƙarfe a cikinsa, yana da leɓe siriri da ke rungume shaf, wato sandar ƙarfen da ke fitowa daga inji tana juya ƙaramin sufuroket, da wani ɗan sufirin da ya kewaye leɓen yana ƙara masa riƙo. Inda leɓen ke taɓa ƙarfe bai fi kaurin zare ba. Shaf yana juyawa a ciki, kuma abin da ke hana leɓen ƙonewa wani ɗan danshin mai ne da ido ba ya gani, wanda ke zaune tsakaninsa da ƙarfen. An yi shi ne don ya tare man da ke fantsama a cikin inji. Ba ya iya tare iskar da ta taru tana neman hanya, ba ya iya bin shaf mai rawa, ba ya iya cike ramin da ƙarfe ya yi. Muddin ɗaya daga cikin waɗannan yana nan, ko daga Japan ka yo odar sil ɗin, sunansa mai zuba.

Da ni ne aka kawo wa babur ɗin nan, ba sufuroket zan fara kwancewa ba. Zan fara tambayar inda yake kwana. Ka ce na gidan gona ne, sai an yi hutu ake hawa. Nan bambancinsa yake da babur ɗin ɗan acaɓa. Na ɗan acaɓa gajiya ce ke kashe shi, wannan kuwa zama ne. Wata uku yana ajiye a sito ko ƙarƙashin rumfa, babu mai taɓa shi.

Inji yana numfashi. Duk lokacin da fistin ya yi gaba ya dawo, iskar da ke cikin akwatin inji tana matsuwa, ga kuma ɗan hayaƙin da ke sulalewa ta gefen ringi yana ƙaruwa a kai. Shi ya sa aka yi masa wani ɗan tiyo a sama ta baya, don iskar ta fita. To wannan tiyon, babu ramin da zanzaro yake so kamarsa. Ya samu wuri mai duhu, babu motsi, ga laka a bakin rijiyar gona. Kwana kaɗan ya toshe shi tsaf. Ranar da yara suka zo aka tayar da inji, iska ta rasa ƙofa, sai ta nemi wuri mafi rauni, wato leɓen sil, ta turo mai waje. Wani lokacin har sil ɗin ɗungurungum take turowa.

Ba a littafi na karanta wannan ba. Ina ɗan koyo kamarka na canza wa wani babur roba-roba sil har uku, ina ta zagin masu kayan jabu. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana zaune a kan benci yana kallona bai ce uffan ba. Da na ɗauko na huɗu sai ya tashi, ya zare tiyon ya busa, kumatunsa suka kumbura iska ba ta wuce ba. Ya zura masa waya, ƙasa ta zubo da matattun tsutsotsi. Ya miƙo mini tiyon ya koma bencinsa. Har yau ina jin kunyar shirun nan fiye da a ce marina ya yi.

Zaman nan yana jawo wata cutar kuma. In an ajiye babur famfon fetur a buɗe, allurar kafireto kuma ta gaji ko datti ya tokare ta, fetur yana tsiyaya a hankali ya gangara cikin silinda, ya bi gefen ringi ya sauka cikin baƙin mai. Man ya ƙaru, ya kuma tsinke ya zama ruwa-ruwa, sai ya riƙa bin duk wata kafa. Zare geji ka shinshina. In ka ji ƙanshin fetur ka samu ɓarawo ɗaya. Ka kuma duba ko mai ya wuce layi, domin direbobi da masu gadi sun saba juye galan ɗin lita ɗaya duka, wai don kada a yi asarar ragowar. A wannan injin ana auna mai ne babur yana kan ƙasa mai lebur, a goge gejin, a ɗora shi kawai ba tare da an murɗa shi ciki ba.

Daga nan sai shaf. Cire sufuroket, kama bakin shaf ɗin da yatsu ka jijjiga sama da ƙasa. Bai kamata ka ji yana kaɗawa ba. In yana yi, boris ɗin da ke bayan sil ya tafi, kuma abin da ya fi kashe shi shi ne sarƙar da aka ɗaure tamau. A babur mai ƙafa huɗu sarƙa tana ƙara ɗaurewa idan nauyi ya hau baya ya danne shokoba, don haka wanda ya ɗaure ta babur yana wofi, in yara biyu suka hau ta zama tsirkiyar baka. Canza boris ɗin nan sai an raba inji biyu, wato ainihin aikin da aka ce kada ka karɓa. Sannan ka bi inda leɓe ke zama da farcenka. Idan farce ya maƙale, ƙura da tsohon sil sun yi wa ƙarfen zobe, sabon leɓe kuma zai faɗa cikin ramin ya rasa riƙo. In ramin bai yi zurfi ba ana iya zaunar da sabon sil ɗan gaba ko ɗan baya kaɗan don leɓen ya samu lafiyayyen wuri. Akwai kuma siririn hannun riga na ƙarfe da ake sa wa shaf, irin wanda kamfanin SKF yake yi, amma a kan injin wannan kuɗin sau da yawa sayen shaf ya fi sauƙi. Ka duba bayan sufuroket ma. Abin da ke yawo a gona yana naɗo zaren buhu da ciyawa da leda, su kuwa yanka roba suke kamar reza.

Akwai abin da ba ka faɗa ba amma na san shi: da sukudireba ka ɓanɓaro tsofaffin. Kowa haka yake yi. Haska tocila ka duba ko bakinta ya karce shaf ɗin ko bangon ramin da sil ke zama. Ramin nan alminiyon ne, ba ya jure tsokana. Karce ɗaya da ya bi tsawon shaf hanyar mai ce wadda ba ta toshewa.

Kai, ka ma tabbata daga nan man yake fitowa? Sil ɗin sandar giya yana ƙasa kaɗan da wurin, kuma mutane suna shafa wa sarƙa tsohon baƙin mai ta yi ta watsi har a ɗauka inji ne ke yoyo. Wanke gefen nan da kananzir, ka bi da omo da ruwa, ka bari ya bushe ƙarau, ka barbaɗa hodar jarirai. Tayar da inji na 'yan mintoci. Inda hodar ta fara yin duhu, nan ne.

Sai an gama wannan duka ake zuwa shago. Kada ka je kana tambayar "sil na babur mai ƙafa huɗu", za a tsuga maka kuɗi a banza. Injin nan kwaikwayon zuriyar Honda Super Cub ne, wanda ya fara fitowa a Japan a 1958, wanda kuma a 2017 kamfanin ya sanar da cewa ya ƙera guda miliyan 100. Jininsu ɗaya da roba-robar da ka saba kwancewa kullum. Lamba za ka tambaya. A jikin kowane sil akwai lamba uku: faɗin shaf, faɗin rami, da kaurin sil ɗin, duk a milimita. Na sufuroket a wannan zuriyar yawanci 17x29x5 ne, na sandar giya 11.6x24x10, na bayan magineto 18.9x30x5. Amma masu giyar baya wasunsu sukan bambanta, don haka lambar sil ɗin da ya zo a jikin babur ɗin ita ce hujja, ba ta wanda ka sa ba. In ka ga TC a rubuce, mai leɓe biyu ne, na ciki yana tare mai na waje yana tare ƙura. Shi za ka saya, domin ƙurar hunturunmu da ƙasar gona sanfefa ce. Baƙar robar da aka saba, wadda ake kira NBR, tana jure zafin da ya kai digiri 100 ko sama da haka kaɗan, kuma ta isa wannan wurin. Mai launin ruwan ƙasan nan, na robar da ake kira Viton, yana kaiwa wajen 200, yana da kyau in an samu, amma ba rashinsa ne ya sa naka zuba ba. Lanƙwasa leɓen da yatsa a gaban mai shago. In ya yi tauri ko ya nuna tsaga, ya tsufa a kan kanta, ajiye masa abinsa.

Wajen sawa, gefen da sufirin yake shi ke kallon cikin inji, inda mai yake. Gefen da aka rubuta lamba yana kallonka. Goge rami da shaf da tsumma mai tsabta har sai ba ka ga baƙi ba. Bakin shaf ɗin yana da haƙora inda sufuroket ke zama, da wani kwarmi na farantin da ke riƙe shi, kuma gefensu yana da kaifi. Naɗe su da salatif zagaye ɗaya ko biyu, ka shafa mai a kai, sil ya zame ya wuce ba tare da an tsaga masa leɓe ba. Ina zargin nan na farkonka ya mutu tun kafin ya zauna.

Kada ka taɓa sa shi a bushe. Kafin man inji ya iso wurin, shaf ya riga ya juya sau ɗaruruwa a kan busasshiyar roba, leɓen ya ƙone ya yi ƙyalli, kuma ba ya dawowa. Tsoma yatsa a sabon baƙin mai, irin wanda za ka zuba a injin, ka shafe leɓen da shaf ɗin. Tsakanin leɓɓan biyu ka sa ɗan giris, kaɗan, kamar yadda mace ke sa kwalli. In ka cika shi, zafi zai narkar da shi ya tsiyayo ka ɗauka zuba ce. Ɗan giris a kan sufirin ma yana hana shi tsalle ya fita lokacin bugu. Ban da man birki, yana kumbura wannan robar. Ban da tsohon man da ke cikin tasa a ƙasan benci, rabinsa yashi ne. Akwai sil na Teflon a wasu motoci wanda ake sawa a bushe, in ka ji wani bakaniken mota yana faɗa ba ƙarya yake ba, amma ba na injinka ba ne.

Bayan sil ɗin, wato gefen da ke manne da rami, in roba ce ta rufe shi ba ya bukatar komai. In ya yi gardama, ɗan danshin mai ya isa. Giris a nan yana sa ya sulluɓo waje daga baya. Tura shi da manyan yatsunka biyu har ya kama daidai ko'ina, sannan ka nemo soket ko guntun bututu mai faɗin bakin sil ɗin na waje, ka ɗora, ka riƙa ƙwanƙwasawa a hankali kana dubawa. Guduma ba ta taɓa sil kai tsaye. Ƙarfen cikinsa siriri ne, bugu ɗaya a gefe ya lanƙwasa shi, leɓe ya saki ta ɓangare ɗaya. Ya tsaya daidai da bakin rami, kada ka kora shi ciki har ya je yana gugar boris. In ya karkace, cire shi ka yar, ka ɗauko wani. Shi ya sa ake sayen biyu.

Yanzu gam ɗin da ka lafta. Shi ne ya rufe maka ƙofar ɓoyewa, ko da ka so. Abin da ya matso ta waje ka gani ka goge, wanda ya matso ta ciki fa? Yana nan ya bushe, zai ɓalle ya bi mai. Injin nan yana da 'yar raga da ke tace mai a bayan murfin kuloci, da wata ƙaramar kafa da mai ke bi ya hau kan inji. Ɗan guntun gam ya isa ya toshe ta. Dole a juye man, a buɗe murfin a duba ragar, a zuba sabo na babur, 20W-50 ko 10W-40 mai alamar JASO MA tunda kulocin a cikin mai yake wanka. Wanda zai yi wannan aikin dole ya san akwai gam a ciki. In ka yi shiru inji ya kama bayan wata guda, sunan garejin maigidanka ne zai ɓaci a kan abin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Saboda haka ka same shi yau, kada ya wuce gobe. Ba a gareji ba, ba a gaban sauran yara ko masu kawo gyara ba. Bi shi gida bayan sallar isha'i, ka durƙusa ka gaishe shi, ka fara da "Maigida, na yi laifi." Kada ka fara da cewa ai ba buɗe inji ba ne. A ƙa'idar aiki kana da 'yar hujja, amma kai ma ka san abin da yake nufi, shaida kuwa ita ce ka ɓoye. Faɗa masa komai a jere: aikin, kuɗin, sil na biyu, gudumar, gam ɗin, da zuwan Alhaji ranar Asabar. Kuɗin nan na gareji ne, ba naka ba. Ka ce a riƙa cirewa daga ɗan abin da yake sallamarka da shi har su cika, kada ka jira shi ya faɗa. Zai yi faɗa, wataƙila ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarka da kyau. Ka jure. In ka san mai zafin zuciya ne sosai, tafi da wanda ya kai ka wurinsa tun farko, mahaifinka ko kawunka, amma bakinka ne zai yi bayani, ba nasu ba. Abin da ba zai yafe da wuri ba shi ne ya fara jin labarin daga bakin Alhaji a gaban jama'a, yana tsaye bai san komai ba a cikin garejinsa.

Alhaji kuma ka bar manya su yi maganarsu. Ka tsaya a wurin, ka ba da haƙuri in an juyo kanka, kada a sake karɓar kuɗin sil a hannunsa. In boris ne ko shaf, wannan lalurar babur ce tun kafin ya zo hannunka, maigida ya san yadda zai faɗa masa. Ka roƙi maigida ya ƙara masa da cewa a riƙa rufe famfon fetur in an ajiye, a riƙa tayar da shi duk mako ko biyu ya yi zafi, a wanke faifan birki a canza takalminsa in ya sha mai. Yaran kuma su sa hular kwano, su daina goyon juna, domin kujerar ta mutum ɗaya ce kuma abin yana kifewa a kwana fiye da yadda ƙafafunsa huɗu ke nunawa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma cewa take kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa irinsa. Wannan magana daga bakin maigida za ta fi shiga.

Ka nemi a kawo babur ɗin ranar Alhamis a bayan mota, ba a tuƙo shi ba, don Asabar ta same shi a gyare. Sil na farko in yana nan a aljihunka ko ƙarƙashin benci, nemo shi ka tafi wa maigida da shi, na biyun ma in an ciro kada a yar. Leɓen da ya yi tauri da ƙyalli a bushe aka sa shi. Wanda ya tsage haƙoran shaf ne. Wanda ya cinye ta gefe ɗaya, ko dai ya karkace ko boris na rawa. Wanda kuma aka tarar ya turo waje lafiyarsa ƙalau, kafin kowa ya ɗauki sufana ka zare tiyon nan ka busa.

Kawunka.